SHIRIN SUKUWA A REDIYO: KADA MU SAKAR WA 'YAN CACA LINZAMI



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar magana ce da ta faru a nan Minjibir, daren wata Laraba bayan an tashi daga ta'alim. Mun biyo ta teburin mai shayi, sai muka tarar samari sun fi goma sha biyar sun yi wa akwatin rediyo zobe, kowa ya kasa kunne. Shirin masu dawaki ake yi a ɗaya daga cikin tashoshin Kano, irin wanda ake buɗe layi jama'a su bugo waya: wane doki ya yi zarra a sukuwar da ta wuce, wane mahayi ya faɗi, ina za a kara a mako mai zuwa. Wani ɗan uwa da muke tare, wanda ya girme ni ya kuma riga ni shiga wannan tafarki, ya ja tsaki ya ce, "Dubi al'ummar da ake son ta tashi! Ana kashe Musulmi ko ta ina, su kuwa suna nan suna musu a kan ƙafar dabba. Wannan lagwu ne, duk ɗan uwan da ya zauna sauraro ya ɓata lokacinsa."

Ban tanka masa a nan ba, saboda girmansa. Amma maganar ta kwana tana ci na, don na san ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. To ga amsata a fili, kowa ya karanta ya yi hukunci. Ni ina ganin irin wannan shiri yana da amfani ga talaka mai son doki, amfanin da ba ƙarami ba. Ina kuma ganin ana nan ana zuba masa guba, kuma ƙauracewar da muke yi ita ce ke ba masu zuba gubar dama. Saboda haka rigimata da ɓangare biyu ce: 'yan uwan da suka ce a kashe rediyo, da kuma masu neman mai da shirin dandalin caca da tumasanci.

DOKI BA BAƘO BA NE A ADDINI

Da farko dai mu daina zuba doki da lido da karta a kwando ɗaya. Duk ɗan Islamiyya ya san sura ta 100, Al-Adiyat, da dawakai masu gudu Allah Ta'ala Ya buɗe ta da rantsuwa. A Suratul Anfal, aya ta 60, inda aka umarci muminai da yin tanadin ƙarfi, dawakai ne aka ambata da suna. A Suratun Nahli, aya ta 8, an lissafa su cikin ni'imomi, don hawa da kuma ado.

Sukuwa kanta fa? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawakai a Madina, har ma ya kasa su aji biyu. Waɗanda aka horar aka ƙona masu kitse sun taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil biyar zuwa shida. Waɗanda ba a horar ba sun taso daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Shi kansa Ibnu Umar yana cikin mahaya. Ku duba da kyau 'yan uwa: akwai horo, akwai rabon aji, akwai mafari, akwai maƙura. Har dokar hana maguɗi an kafa, domin Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan a sa wani ya bi bayan doki yana yi masa ihu don ya ƙara gudu, ko a riƙo wani doki a gefe don a sauya idan na farko ya gaji.

Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki abin da wasa ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, babin tsere yana biye da babin jihadi ne kai tsaye. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, a daidai wurin da aka hana wasan nardu, a nan aka halatta tsere da dawakai da raƙuma da harbin kibiya. To wane ne ya fi waɗannan sanin lagwu? Idan yin abu halal ne, ta yaya hira a kansa ta zama haram? Abin da ke haramta hira shi ne abin da aka cusa a cikinta, ko wajibin da ta sa aka bari.

YADDA AKA KARƁE MANA DOKI

Na san inda ƙyamar ta samo asali, kuma ba na ganin laifin mai ƙyamar gaba ɗaya. Dokin da muka buɗe ido muka gani ba shi ne dokin kakanninmu ba. Ranar Badar dawakai biyu kacal Musulmi suke da su. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi, ba su da dawakan da suka wuce kamar ashirin, suka fuskanci rundunar Yunfa Sarkin Gobir, Allah Ya ba su nasara. Daga baya doki ya zama ƙashin bayan tsaron daula. Sarautun da muke ji a Kano har yau, Madaki, Sarkin Dawaki Mai Tuta, Sarkin Dawakin Tsakar Gida, Shamaki, duk daga doki suka samo suna ko aiki.

Sai Nasara suka zo. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 suka ci Kano. A cikin wannan watan ne mahayan Kano suka yi ta afka wa bakin bindiga a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. A watan Yuli na shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Da Bature ya natsu, bai hana doki ba, wayonsa ya fi haka. Sai ya sauya masa aiki. Ya shata filin sukuwa a Legas, ya shata a Kaduna, ya shata a Kano can gefen unguwar Turawa ta Nassarawa, inda har gobe ake kira Filin Sukuwa. Dokin da jiya ake ɗaura wa lifidi don kare addini, sai ga shi ana jera shi don a burge Yariman Ingila a Kano a 1925, a kuma burge Sarauniya a Kaduna a 1956.

Wannan tarihi gaskiya ne, mai ɗaci kuma. Amma me ya kamata ya koya mana? Idan ɓarawo ya sace maka riga ya sa ta ya je mashaya, kai sai ka ce ka yafe rigar har abada? Ai karɓo abinka za ka yi ka wanke. Sun karɓe mana makaranta, mun buɗe Islamiyya. Sun karɓe mana jarida, ga ta a hannunka kana karantawa. Don me doki da rediyo kaɗai za mu ce mun sallama?

ABIN DA TALAKA KE SAMU A SHIRIN

Wanda ke zaune a birni da lantarki da waya mai intanet ba zai gane matsayin rediyo a wurinmu ba. A Kunya, a Kantama, a Wasai, a Kwarkiya, a Sarbi, mutum na iya rasa wuta mako guda, amma ba ya rasa batir biyu a akwatinsa. Manomi yana kaftu rediyo na rataye a reshen bishiya, masaƙi yana jefa ƙoshiya rediyo na gefensa. Iyayenmu sun saba da BBC Hausa tun 1957, da Rediyon Kaduna tun 1962, amma a wancan lokaci su dai sauraro ne nasu, a faɗa masu su ji. Dokar soja ta 1992 ita ta buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu, wayar salula ta shigo a 2001, Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, wasu tashoshi suka biyo baya. Daga nan talaka ya samu baki. Da katin naira ɗari, ɗan barga daga ƙauye zai yi magana dubban mutane su ji shi, daidai da yadda za su ji Alhajin da yake wa aiki.

To me mai son doki ke samu? Na farko, ilimin kiwo. A ƙasarmu da gona ke haɗe da gona, babu makiyaya mai faɗi, doki a turke yake rayuwa, da harawa da dusa da dawa da kanwa. Mai goɗiya ɗaya ba shi da kuɗin ɗauko likitan dabbobi daga birni. Amma idan aka gayyato likitan cikin shiri, sai ya ji a kyauta cewa sauya wa doki abinci farat ɗaya, ko ba shi hatsin da ya yi fumfuna, yana jawo ciwon cikin da kan kashe shi a dare ɗaya. Ya ji lokacin ba da maganin tsutsar ciki. Ya ji cewa ƙusar da ta soki kofato ba abin rainawa ba ce. Ya ji cewa akwai muguwar annobar dawakai da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, musamman da damina, don haka a killace dabba kafin faɗuwar rana. Wani maƙwabcinmu, dattijo, ya taɓa rasa dukushi saboda ɗure-ɗuren da aka yi masa bisa shawarar 'yan majalisa. Da goɗiyarsa ta kamu da irin wannan ciwo daga baya, abin da ya ji a rediyo ya bi, ya janye mata hatsi, ya aika aka kira ma'aikacin dabbobi, Allah Ya tashi kafaɗarta. Wannan lagwu ne?

Na biyu, kariya daga cuta a ciniki. Da can dillali ne kaɗai ya san farashi. Yanzu mutum kan ji yadda kasuwa ta ci a Maigatari ranar Alhamis kafin ya kwance dabbarsa. Idan an sace doki, cigiya ɗaya a iska ta fi aika mutum goma.

Na uku, tona maguɗi. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. A da, abin da mai kuɗi ya ce ya faru a fili shi ne ya faru. Yanzu kuwa wanda ya tsaya a bakin maƙura ya gani da idonsa zai bugo ya ce, "Malam, ba haka aka yi ba." An saka ɗan Sudan a ajin dawakan Arewa? Wani zai faɗa. An saki wani doki kafin a ba da alama? Wani zai faɗa. Al'ummar da ta koyi cewa "ba haka aka yi ba" a kan doki, wata rana za ta faɗe ta a kan abin da ya fi doki.

Na huɗu, zumunci. Sukuwa na haɗa mutumin Kano da na Katsina da na Zazzau da na Bida da na Sakkwato, har da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram waɗanda Bature ya shata layi ya raba mu da su. Muryoyinsu na haɗuwa a shiri ɗaya ba tare da fasfo ba.

GUBA TA FARKO: CACA

Yanzu bari in juyo kan masu shirin, don kada su ɗauka na zo yi masu kirari ne. Akwai abin da na fara ji yana kutsowa, wanda idan ba a taka masa burki ba, maganar wancan ɗan uwa za ta zama gaskiya. Mai bugo waya ya daina tambayar lafiyar doki, sai ka ji ya ce, "Wanne zan bi ranar Asabar?" Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce, "Ni dai na ba ka akawal ɗin nan, kada ka ce ban faɗa maka ba." Kowa ya san ma'anar "bi". Kuɗi ake zubawa a bayan fage.

Mu duba inda wannan hanya ta kai waɗanda suka riga mu bin ta. A Ingila, tun 1927 BBC ta fara watsa babban tserensu na Grand National kai tsaye ta rediyo. A 1961 aka halatta shagunan caca a kan titi, aka kuma ɗora wa masu shagunan wani haraji da ake riƙe harkar sukuwa da shi. Kafin a ba su izinin sa talabijin a 1986, murya ce kawai ke fitowa daga lasifika a cikin shagon, tana ba da labarin tsere, mutane na tsaye da tikiti a hannu. Watau muryar mai sharhi ita ce igiyar da ke jawo aljihu. A can sukuwa da caca sun zama Hasan da Husaini, har ba sa iya tunanin ɗaya ba ɗaya.

Faransa ta kafa tata hukumar cacar dawakai, PMU, a 1930, ta kuma bar wa ƙasashen da ta mallaka wannan gado. Shekara da shekaru a Yamai da Maraɗi da Damagaram, Bahaushe Musulmi kan tsaya a rumfar hukumar cacar ƙasar, Lonani, ya sayi tikiti a kan dokin da ke gudu a Faransa, dokin da bai taɓa gani ba, bai san launinsa ba, lambarsa kawai ya sani. Wannan son doki ne? In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma nan wutar ta iso. Shagunan cacar ƙwallo sun cika lunguna, abin ya koma cikin waya, har da tseren dawakai da karnuka na ƙarya waɗanda kwamfuta ke zanawa, kowane 'yan mintoci a sake sabo. Na san wani yaro a yankinmu, ba zan kama suna ba, mahaifinsa ya damƙa masa kuɗin takin noman rani na bakin dam ɗin Wasai ya je birni ya sayo. Ya dawo bayan kwana biyu, babu taki babu kuɗi. Da ƙwallo ya fara, da dokin kwamfuta ya ƙare. Shekarar nan gidan ba su yi noman rani ba. Kowa ya hau motar kwaɗayi, tashar wulakanci zai sauka.

Hukuncin a bayyane yake. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta jera caca da giya da gumaka a sahu ɗaya, ta kuma faɗi abin da suke haifarwa: gaba da ƙiyayya da shagala daga ambaton Allah da salla. Kyautar tsere kuwa tana da ƙa'ida, kuma Risala ta kawo ta. A wurin Imamu Malik, mutum na iya fitar da kyauta daga aljihunsa. Idan wani ya tsere masa ya ɗauka, idan kuma shi ya zo na ɗaya, kyautar ba ta komawa gare shi, ta mai bi masa ce, in kuwa su biyu ne kawai, sai mahalarta su ci. Hikimar ita ce kada wani ya shiga yana tsakanin ci da asara. Haka nan idan hukuma ko wani mai hali da ba ya cikin tseren ya sa kyauta, babu laifi. Amma 'yan kallo su tara kuɗi, wanda dokinsa ya zo ya kwashe na saura, wannan babu malamin da ya ba shi wani suna in ba caca ba.

Kada wani ya ce mana sukuwa ba ta tsayuwa sai da caca. An fara gasar kofin duniya ta Dubai a 1996 ba tare da tagar caca a filin ba. Saudiyya ta fara tata a Riyad a 2020, da kyautar dala miliyan 20, alhali caca haramun ce a dokar ƙasar. Ban kawo su don yabo ba, domin almubazzarancin waɗannan sarakuna, a lokacin da Musulmi ke kwana da yunwa, wani babi ne mai zaman kansa, kuma Turawa daga ƙasashensu suna zuba caca a kan tseren. Na kawo su ne don a ga cewa doki na gudu ko ba a sa masa ko sisi ba.

A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce wannan hurumin jihohi ne. A shekarar ne kuma Hisbah ta rufe wasu shagunan caca a Kano. To amma mu yaudari kanmu ne? Ana iya garƙame shago da kwaɗo, ba a iya garƙame wayar da ke aljihun yaro. Abin da ke shiga kunne shi ke juya zuciya. Saboda haka fagen fama na gaskiya shi ne wannan akwati da samari suka yi wa zobe.

GUBA TA BIYU: TUMASANCI

Abu na biyu da ke cin shirin shi ne bambaɗanci. Rabin lokaci kan tafi a gaishe-gaishe: a gai da Alhaji wane mai dawakai talatin, a gai da mai girma wane wanda ya ba da kofi, Allah Ya ja zamanin wane. Da zaɓe ya matso sai ka ga 'yan siyasa sun zama masoya doki dare ɗaya, kowa na sa kyautar babur da hotonsa a jiki. Mai gabatarwa kuwa, tunda su ke ɗaukar nauyin shirin, linzami ya shiga bakinsa.

Wa ake mantawa? Yaron da ke hawa. Sau nawa muka ga yaro ƙarami, wanda aka zaɓa don rashin nauyinsa, an ɗora shi a kan ingarma babu hular kwano, wani lokaci ko takalmi babu? Idan ya ci, kofi na Alhaji ne, sunan Alhaji za a faɗa a rediyo. Idan ya faɗi ya karye, sai a kai shi wurin mai ɗori a manta da shi, a nemo wani. Ɗan bargan da ke tashi tun asuba yana kwashe kashi, yana yankan ciyawa, nawa ake biyansa? Dokin da ke cin dawar da ta fi ta gidan mai kula da shi, wa ya taɓa tambaya a iska? Ana raɗe-raɗin ɗirka wa dabba ƙwaya don ta yi gudun da ya fi ƙarfinta, ana tsaga mata ciki da kaimi har jini, wa ya taɓa buɗe layi a kan wannan?

Hadisi ingantacce ya kasa masu riƙon doki uku: wanda dokinsa lada ne gare shi, wanda nasa sutura ne, da wanda nasa zunubi ne, watau mai riƙonsa don alfahari da riya da gaba da Musulmi. Kowane mai barga ya auna kansa. Kuma masu jin cewa dokinsu bai isa a tsere masa ba, su tuna da Adba'u, taguwar Manzon Allah (SAW) wadda ba a taɓa wuce ta ba, har ranar da wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Sahabbai ciwo, amma Manzo (SAW) bai soke tseren ba, bai sa an kama baƙauyen ba. Sai ya karantar da su cewa duk abin da ya ɗaukaka a duniya, Allah zai sauke shi. Yau wane alƙalin sukuwa ne zai iya ɗaga hannun ɗan talaka a gaban mai ba da kofi?

GA 'YAN UWA MASU CEWA A ƘAURACE

Za ku ce lokaci ne na gwagwarmaya, ba na wasa ba. Na yarda. Amma gwagwarmayar da wa za a yi ta? Da mala'iku? Ai da waɗannan samarin ne na teburin mai shayi. Idan muka wuce su muna tsaki, su ma tsaki za su bi mu da shi, mai shagon caca kuwa ya tarbe su da fara'a. Mun yi wannan kuskure a kan ƙwallo. Muka ce wasan banza ne muka juya baya, yau ga yaran Musulmi sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen fiye da sunayen mutanen Badar, ga caca ta biyo ta ƙofar ta shige har ɗaka. Ƙwallo ma ke nan, wadda ba mu da wani tarihi da ita. Ina ga doki, wanda yake namu tun asali?

Za ku ce akwai kiɗa da tallace-tallacen banza a tashoshin. Gaskiya ne. Amma a tashoshin nan ne dai malamai ke tafsiri da azumi, ba mu ce su fasa ba. Za ku ce shirin na iya cin lokacin salla ko na karatu. Wannan kam babu jayayya, duk abin da ya hana ka jam'i ko ya hana ka ta'alim, kashe shi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

ABIN YI

Ga masu gidajen rediyo da masu gabatarwa, muna kira da babbar murya. Kada ku karɓi tallar kamfanin caca a shirin dawakai, komai kuɗin da aka zuba. Duk mai bugo waya da ya nemi a ba shi dokin da zai bi, a faɗa masa a iska cewa nan ba wurinta ba ne. A ware lokaci na dindindin ga likitan dabbobi, da wani ga malamin da ya san babin tsere. A riƙa faɗin sunan mahayi kafin na mai doki, kuma duk mahayin da ya ji rauni a bi labarinsa har ya warke, a faɗi wanda ya biya magani da wanda ya gudu. A rage kirari, a ƙara gaskiya.

Ga masu shirya sukuwa: kyauta ta fito ta hanyar da shari'a ta yarda, a kori masu tara kuɗin caca daga bakin fili, kada a ɗora yaro babu hular kwano, a tsayar da komai idan an kira salla.

Ga mu kuma 'yan uwa, musamman na Minjibir da Gezawa da Ungogo da Ɗambatta, aiki ya same mu. A kowace halƙa a samu mutum biyu ko uku da za su riƙa sauraron shirin, su buga waya da ladabi da hujja. Ba wa'azin awa ɗaya ake nema ba, minti ɗaya ya isa: ka yi sallama, ka yaba dokin da ya cancanci yabo, ka tambayi lafiyar yaron da ya faɗi, ka tunatar cewa kuɗin 'yan kallo caca ne. Ka koma Risala ka karanta babin da kyau kafin ka buga, kada ka je ka yi fatawa da ka. Wanda ke da halin koyon hawa ya koya, ya koya wa ƙannensa. Ka zauna da samarin teburin mai shayi, ka san bambancin kili da bidi da danda, sa'annan su ma za su saurare ka ranar da ka kira su ta'alim. Idan kuma wata tasha ta nace sai ta tallata caca, sai mu rubuta mata, mu je mata a ƙungiyance, mu gaya wa jama'a a masallatai su juya akwatinsu.

Shi kuma ɗan uwana da ya ja tsaki a daren nan, ina neman afuwarsa idan na yi kaushi, na san kishin addini ne ya sa shi. Ina gayyatarsa Laraba mai zuwa, idan an tashi daga ta'alim, mu zauna a bencin mai shayin tare. Ni zan sa katin, shi ya yi magana.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Ya tsare samarinmu daga caca da duk abin da ke kai wa gare ta.